Yadda Na Samu Shago a Birnin Gwari

Talata

Da aka idar da sallar asuba na yi sallama da iyali, na nufi tashar mota ta Zariya. Ni tela ne, kuma tun da aka gama yaƙin Turawa yadi ya dawo kanti, gyaɗa ta yi daraja. Labari ya iso mana cewa a Birnin Gwari mutane na yawo da yadi a kafaɗa, sun rasa mai ɗinki. Ni kuwa a layinmu mu tara ne muke jiran mutum ɗaya.

Ƙarfe shida da rabi lori ta tashi, muna zaune a kan buhunan gishiri. Kafin hantsi ya dubi ludayi mun shiga Funtuwa, inda ɗan doka ya leƙa kayanmu ya ce mu wuce. Direba ya ce sai ya cika fasinja, saboda haka muka kwana a tasha. Na ci tuwon dawa na taro, wato kwabo uku, miyar kuka har da man shanu.

Laraba

Ƙarfe bakwai muka kama hanya. Bayan Dogon Dawa daji ya rufe mu, birai na tsallaka titi. Da la'asar muka sauka a Birnin Gwari.

Mai masaukina Malam Tanko, dillalin gyaɗa, ya ji abin da ya kawo ni, sai ya girgiza kai.

"Malam Tela, ka makara. Shekarun baya rumfunan nan awaki ke kwana ciki. Yau ko zauren gidana mai gyaran keke ya kama."

Muka zaga bakin hanya. Ko'ina ana kwaɓa ƙasa, ana buga kwano, kuma tun gini bai kai ƙugu ba an riga an kama shi. Jikina ya yi sanyi, domin na riga na bar rumfata ta Zariya ga ƙanena.

A ƙarshen layi, wajen daji, na hango wani shago a rufe.

"Wannan fa?"

Malam Tanko ya fashe da dariya. "Na Iya Ladi ne. Akwai 'yan haya a ciki, amma ba sa jin sallama."

Ashe tun da mijinta ya rasu aka rufe shi, ƙudan zuma suka tare a ciki. Muka sami tsohuwar tana kaɗi. Na durƙusa na gaishe ta, na gaya mata ina son shagon.

"Ɗana, in ka iya fitar da su, shiga. Ni dai in ga ƙofar nan a buɗe kafin in mutu."

Alhamis

Sassafe Malam Tanko ya kawo wani Bagwari mai ɗiban zuma, Shekwolo. Ya kunna busasshen kashin shanu, ya tura hayaƙi ta taga, ya ce kowa ya ja baya. Ni da zumuɗi na matsa in leƙa. Ɗaya ta same ni a fatar ido, wata a leɓe. Na zura da gudu har hulata ta faɗi, 'yan kasuwa na ta shewa.

Zuman da ya fito ya cika tukwane uku. Ranar kasuwa ce, Iya Ladi ta ce a lasa wa kowa. Ta shiga shagon ta daɗe tana shafa bango, sannan ta miƙo mini makulli. Kafin azahar wata Bafulatana mai nono ta ajiye mini yadinta, ko keken ɗinki ban kawo ba.

Asabar

Na iso gida ƙarfe biyar na yamma, ido ɗaya a rufe, leɓe ya yi suntum. Uwargida ta ɗaga labule ta dube ni.

"Bawan Allah, maigidan ya yi tafiya."

Sai da na ɗaga mata makulli da kwalbar zuma ta gane ni, ta zauna a ƙasa tana dariya har da hawaye. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Malam Tanko da Iya Ladi. Mako mai zuwa za mu ɗaure keke mu koma.