Doyar da ta Zaunar da Mu

Malamarmu ta ce kowa ya rubuto yadda danginsa suka zo garinsu, ya karanta a gaban aji. Ni da ko amsa sunana sai an ce in ɗaga murya! Na yi fatan aƙalla in samu kaka mafarauci, wanda ba za a yi wa dariya ba.

Na tarar da kakata a gindin mangwaro tana ɓarar agushi, ɓawon ya manne mata a zani. Na tambaye ta ko farauta ce ta kawo danginmu nan.

Ta ce, "Wace farauta? Kakan babanki wucewa yake yi da irin doya a ka. Ya sauka nan kusa da garin Shabu ya sha ruwa, aka kawo tuwo, hira ta yi daɗi. Kullum sai ya ce gobe zai wuce. Ranar da ya buɗe buhu, doya ta yi tsiro. Dole ya roƙi gona ya binne ta. Ga mu nan har yau."

Na ce, "Kaka, in ƙara zaki ɗaya?"

"Ke, kishiyata, kar ki yi masa ƙarya. Ki dai ce doyar manya-manya ce."

Ranar Litinin na karanta, idona a kan takalmina. Aji ya fashe da dariya, na ji kamar in shige ƙarƙashin benci. Sai wata Bafulatana da ke bayana ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, mu ma saniya ce ta kwanta ta ƙi tashi."

Da aka tashi tara, ita ta fara matsa mini wuri.