Ni da Ya'u ba mu da saifa

Da safen nan aka bugo min waya daga Bunkure, Ya'u ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekaranjiya fa yana tsaye a gonarsa.

A asibiti muka san juna, gadona kusa da nasa, dukanmu an cire mana saifa. Ni ɗan acaɓa ne ya kayar da ni. Shi kuwa tasa kumbura ta yi, saboda cutar da ya ɗauka a ruwan kanal. Shi yake riƙe ni zuwa banɗaki, alhali nasa ɗinkin bai warke ba. Tun daga nan duk shekara sai kwandon tumatir ya iso gidana.

Ranar sallama likita ya zaunar da mu. Ya ce ƙwayar cutar limoniya riga gare ta mai santsi. A cikin jini akwai sinadaran da ke manne mata su yi mata alama, sai ƙwayoyin da ke gadin huhu su gane ta su haɗiye.

Ya'u ya ce, "Wato kamar fentin da muke shafa wa kwando, 'yan dako su san na ɗauka?"

Likita ya ce, "Haka ne. To ku fentinku ya ragu, saifar da ke tare wadda ta kuɓuce kuma babu ita. Zazzaɓi ko tari, ku zo a ranar. Kada ya kwana."

Shekaranjiyan nan na same shi a bakin kanal yana tari, yana dafe haƙarƙari. Na ce, "Yaya, tashi mu je asibiti."

Ya ce, "Yau aka sako wa layinmu ruwa. In na bari sai wani satin, tumatir ya ƙone ke nan. Na sha farasitamol. Gobe, in Allah ya kai mu."

Na yi masa faɗa sama-sama, muka ci gurasa, muka sha ruwa a moɗa ɗaya, na kama hanya. Ban matsa masa ba. Abin da ke cin raina ke nan.

Jiya da azahar numfashi ya gagare shi. Ko da aka kai shi asibiti, allura ba ta yi komai ba.

A bencin asibiti nake latsa wannan a waya, kati a hannu. Tun hantsi sanyi yake kaɗa ni, in na ja numfashi sai ƙirjina ya soke. Ƙarfe biyu za a yi masa sallah, ba ni a wurin. Ya'u, ka yafe ni.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya raya abin da ka bari. Jama'a ku sa shi a addu'a, ni ma kada ku manta da ni. Har yanzu layi bai zo kaina ba.