Jiragen da Aka Wanke wa Kawu

Ina firamare na fara jin sunan Kyaftin, a bakin Inna Babba, yayar mahaifiyata. Mun je gaida Kawu, tun daga matakala ta ɗaga murya: "Kyaftin yana ƙasa, ko ya tashi?" Kowa ya tuntsire da dariya. Ni kuwa na ɗauka da gaske, na je makaranta na baza cewa kawuna matuƙin jirgin yaƙi ne. Sai da na yi wayo na gane ba'a ce. Kawu ko ƙofar jirgi bai taɓa leƙawa ba.

Gyaran tabarau ne sana'arsa, a wani ɗan shago da mutum biyu ba sa iya juyawa a ciki. Da ita ya ciyar da gida, da ita babban ɗansa, wanda muke kira Yaya, ya yi karatu har ya samu aikin banki. Bai taɓa barin iyalinsa da yunwa saboda jirgi ba. Ina faɗin haka ne don har yau akwai masu magana a danginmu kamar caca yake yi.

Jiragen da yake haɗawa ƙanana ne na roba, suna zuwa a kwali gunduwa-gunduwa, wani yankin bai kai ƙwayar shinkafa ba. In ya dawo daga shago da la'asar sai ya zauna gaban taga, ya yanke su da reza, ya ɗauka da hantsaki, ya ɗiga gam da tsinken sakace. Haɗawar ba ta ɗaukarsa lokaci. Abin da yake cin watanni shi ne ɓata jirgin. Bayan ya yi masa fenti tsaf, sai ya kankare bakin fensir da alli mai launi, ya ɗebi garin da busasshen buroshi, ya yi baƙin hayaƙi a bayan injin, ya yi zirin mai a ƙarƙashin ciki, ya yi taɓo a taya. A gindin fiffike, inda matuƙi yake takawa ya hau, har fentin yake ɗan kankarewa.

Na taɓa ce masa, "Kawu, ya yi kyau, don me za ka ɓata shi?"

Ya ce, "Ke 'yar nan, kin taɓa ganin wanda ya dawo daga yaƙi da guga a rigarsa? Wannan ya je ya dawo. Dubi nan, ya sha rana."

Ba ni kaɗai ya yi wa wannan bayanin ba. A gabana ya yi wa Inna Babba, ta ce, "Gemu ya yi fari ana wasa da datti. Allah ya shirya." Ya yi wa Yaya, Yaya yana latsa waya yana "to, Baba, to." Don haka kada wanda ya ce mini ba su sani ba. An faɗa musu, ba su ga wanda ya isa a saurara ba ne.

Shekarar da na gama sakandare Kawu ya faɗi a shago, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka ce za a sallame shi daga asibiti, Yaya ya ce masu dubiya za su cika gida, abokan aikinsa ma za su zo, a gyara ɗakin Baba kada a ji kunya. Inna Babba ta ɗaura zani ta shiga. Ni ina asibiti wajen Kawu, sai da na zo ɗaukar masa kayan sawa na tarar da baho a tsakiyar ɗaki, kumfa har baki, jirage a jiƙe a ciki kamar kwanukan abinci. Waɗanda aka gama an kife su a kan tawul suna ɗiga. Inda baƙin ya ƙi fita da soso, ta bi shi da kalanzir.

Na ce, "Inna, me kika yi?"

"Me na yi? Aikin da ku 'yan boko kuka kasa. Dubi ruwan nan, baƙi ƙirin! A cikin wannan ƙazantar yake kwana, ba dole ciwo ya kama shi ba?"

"Ba datti ba ne, shi ya sa musu da hannunsa! Ya faɗa miki!"

"Ke, rufe mini baki. Ni za ki koya wa datti? Na wanke uwarki, na wanke shi kansa Kyaftin ɗin."

Yaya ya leƙo, ya ce ai yanzu ma suka yi kyau, kamar sababbi. Na tsoma hannu cikin bahon, tambura da lambobin jikin jiragen suna yawo a saman ruwa, ina kamawa suna narkewa a yatsuna. Farfela guda na tsinto a magudanar banɗaki.

Aka shigo da Kawu a keken marasa lafiya. An jera masa jiragen a kanta suna ƙyalli, an ma shafa musu man goge katako. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya dubi hannunsa na dama da ke kwance a cinyarsa. Inna Babba tana tsaye tana jiran godiya, har da cewa, "Ka ga yadda rundunarka ta yi wanka?" Bakinsa a karkace ya ce mata sannu da aiki. Wannan sannun ita ce ta fi ƙona mini rai, kuma har yau ba wanda ya ba shi haƙuri, don a ganinsu alheri suka yi.

Daga baya ya gwada sake ɓata su da hannun hagu. Na ga buroshin yana rawa, garin fensir yana zuba a rigarsa. Daga ranar bai sake neman a tura shi gaban taga ba. Ya yi shekara biyu a ɗakin nan kafin Allah ya karɓi abinsa, gadonsa yana fuskantar bango, domin shi ya ce a juya masa shi haka.

Yanzu jiragen suna falon Yaya, cikin kabad na gilashi mai fitila. Wanda bai taɓa zama minti biyar ya ga yadda ake yin su ba, shi ne yake jan baƙi da hannu yana cewa, "Ku zo ku ga aikin Baba, mutum ne mai fasaha." Duk ranar da ya faɗa a gabana sai na ce ba aikin Kawu ba ne. Yaya ya kai ƙarata wajen mahaifiyata, ya ce ina tsinka shi a gaban mutane, an ce ba ni da kunya, Inna Babba ta daina amsa gaisuwata. Su yi ta yi, ba zan daina ba. A makon da Kawu ya dawo daga asibiti, masu dubiya sun cika ɗaki suna yaba ƙyallin, Kawu ya jawo gefen mayafina da hannun hagu, na sunkuya, ya ce:

"'Yar nan, bakina ba ya fita sosai. Duk wanda ya tambaya, ki faɗa masa ba haka na bar su ba. Kada ki bari a ce ni na yi waɗannan."