Ramin da ke Bayan Gidan Tsoho

Ba a daɗe da wargajewar Tarayyar Sobiyet ba muka kama hayar wani ɗan gida a garin McLeansville na Amurka, a bayan gidan wani tsohon Bature da ke zaune shi kaɗai. Maigidana Malam yana ƙarin karatun injiniya a jami'a, ni kuma ina fama da tsohon ciki. Mun sha yawo kafin mu samu wurin, don haka tun ranar farko na ja wa Malam kunne kada ya kuskura ya gaya wa tsohon cewa a Mosko, babban birnin Rasha, ya yi digirinsa na farko. Malam mutumin kirki ne, amma bakinsa ba linzami. In aka kore mu, ban san inda zan kai jariri ba.

Tsakanin gidajen biyu akwai wani dogon tudu da ciyawa ta rufe. Kowace Lahadi da hantsi sai tsohon ya daɗe tsaye a gefensa, hula a hannu. Ni kuwa na yanke cewa kabarin matarsa ne. Na daina shanya a wurin, in zan wuce sai in rage murya. Abin ya tsaya mini a rai, a ce muna maƙwabtaka da mutum ba mu yi masa gaisuwa ba. Na dafa shinkafa da miya, na tasa Malam a gaba muka tafi ta'aziyya.

Ya saurare mu har muka gama, ko murmushi bai yi ba. Ya ce matarsa tana nan da ranta a wani gari, barinsa ta yi. Sai ya ɗauko tocila ya ce mu biyo shi.

Ashe akwai ƙofar ƙarfe a ɗaya ɓarin tudun. Muka bi matakala zuwa wani ɗaki mai sanyi, mai warin ƙasa da tsatsa. Ga gwangwanayen abinci jere, ga duron ruwa, ga gadaje. Zannuwan gadon ne suka tayar mini da tsikar jiki, don wankakku ne, har da karin guga.

"Saboda Rashawa na haƙa shi," in ji tsohon. Ya ce yana saurayi aka kai shi yaƙi Jamus, a can suka haɗu da sojojin Rasha, suka rungumi juna, suka sha taba ɗaya. "Maƙiyinmu ɗaya a lokacin. Da ya faɗi sai muka tsaya kallon juna. Sun ce komai na gwamnati ne, mun ce kowa da nasa. Suka riƙe ɓangarensu na ƙasar, muka riƙe namu. Muna da bam, su ma suka ƙera. Ni ban ga ranar da suka zama maƙiya ba, a rediyo aka gaya mini."

"Ai Baba, su ma haka suke," in ji Malam da fara'arsa. "Na zauna a Mosko. Suna da irin wannan ramin. Ku suke jira."

Na taka masa ƙafa, amma magana ta riga ta fita. Tsohon ya haske fuskar Malam da tocila, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juya ya hau matakala, ya ja ƙofar a kanmu.

Ban taɓa ganin duhu irin wannan ba. Babu kukan tsuntsu, babu ƙarar mota, sai numfashinmu. Abin da ke cikina ya motsa, na dafe cikin ina karanta duk abin da ya zo bakina. Na ce, "Malam, ka kashe mu." Tsoro na ji ba kaɗan ba.

Can sai ƙofar ta buɗe, rana ta faɗo ciki. Tsohon ya leƙo ya ce, "Kun ji ina kiran ku?" Muka ce a'a. Ya gyaɗa kai ya ce to, ƙofar tana nan lafiya. Da muka fito ya tambayi Malam ko Rashawan ma da yara suke shiga nasu ramin. Malam ya ce da yara, amma ai yanzu abin ya ƙare.

"Haka aka ce wancan karon ma," in ji tsohon.

Na yi kwanaki ina jiran sallama, ko gaisuwar Malam da ƙyar nake amsawa. Sallama ba ta zo ba. Ranar Lahadi ina wanke-wanke na hango tsohon ta taga, yana saukar da sabon gadon jariri daga motarsa. Na goge hannu zan fita godiya, sai na ga ya wuce ƙofarmu. Ya nufi tudun, ya shiga ramin da gadon a hankali don kada ya bugu.

Ni da nake tsoron a kore mu, ni na ɗaure kaya. A wani matsattsen ɗaki kusa da babban titin Wendover, cikin ƙarar motoci, muka yi sunan 'yata.