Baba Abdulgani da Zaman Alhamis na Dengfeng

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Litinin, goma sha uku ga Oktoba, 2008, bayan Azahar, Allah Ya karɓi ran Alhaji Abdulgani Tankari a wani asibiti a nan Guangzhou, bayan ya sha jinyar hanta. Mutanen unguwar Dengfeng sun san shi da tura wa 'yan kasuwa kaya gida. Ni Maijidda, mai sarin mayafai, ta dalilin ƙanena Saifullahi na san shi, kuma shi ya ce in rubuta wannan, kada in ɓoye sunansa.

Baba, ka san cinikin ƙasar nan. Wani mai masana'antar ba ya yarda an gama magana sai an zauna cin abinci, ya ɗaga ɗan kofin giya ya ce gambe, kowa ya shanye. Saifullahi ya fara da kurɓa ɗaya don kada lawban, wato mai masana'antar, ya ce an raina shi. Kafin shekara ta zagayo, yaron da ya sauke Alƙur'ani a Kano ya koma sai na je na kwaso shi a bakin titi. Na yi faɗa, na yi kuka, na sa an aiko da rubutu daga gida, duk a banza. Tsorona kada wata rana in buga wa mahaifiyarmu waya in ce giya ta kashe mata ɗa.

Na yi ta cigiya a ɓoye. Wata 'yar Ghana ta ce akwai zaman da masu son daina sha suke yi a unguwar Tianhe. Na ja shi muka je. Mutanen kirki ne, amma da ya fito sai ya ce, "Yaya, Turancina na ciniki ne. Ba zai ɗauki abin da ke raina ba."

Matarka, Hajiya Hasiya, ita ta gan ni ina share hawaye a kasuwar Guangyuan, ta matsa sai da na faɗa mata. Washegari sai ga ka a ɗakinmu. Kai da ake turawa gaba idan liman bai zo ba, ka zauna a ƙasa kusa da yaron nan, ka ce, "Ɗana, ni ma mashayi ne. Na daɗe ban sha ba, amma ko yau sai da na roƙi Allah Ya tsare ni." Wallahi tsigar jikina ta tashi. Mu da muke gwammace mutuwa da tonon asiri, ban taɓa zaton dattijo zai tone nasa da bakinsa don ya rufe na ɗan wani ba.

A ranar na san kana tara masu fama da giya duk Alhamis bayan La'asar, a bayan shagonka, cikin dilolin kaya, Kanawa da 'yan Maraɗi, kowa ya faɗi nasa da Hausa. Dokarka ita ce kowa ya shigo ɗauke da kwali, ko babu komai a ciki, don wanda ya gan shi ya ɗauka kaya ya kawo a tura. Idan ɗayansu zai ci abinci da lawban, sai ka bi shi, ka riga kowa ɗaga kofin shayi, ka yi ta zuba musu Sinancinka da ko Sinawan ba sa ganewa, har a manta da giyar ana dariya. Saifullahi ya sha zamewa ya koma wa giya, kai kuwa ba ka taɓa ce masa tir ba. Abin da kake cewa kawai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Da wasannin Olamfik suka matso, biza ta yi wuya, wanda ya fita ba shi da tabbacin dawowa. A lokacin ne likita ya ce ka koma gida ka huta. Ka ƙi. Na zo na yi maka rashin kunya, na ce taurin kai ne. Ka yi murmushi ka ce, "'Yata, in na tafi, Alhamis ina za su je?" Har yau ina mamakin inda Allah Yake samo irinku.

Da labarin rasuwarka ya iso ni, Allah Ya gani ƙanena ne ya fara faɗo mini a rai. Wayarsa a kashe. Na bi lungunan Dengfeng ina leƙa wuraren da na saba kwaso shi. Can na same shi zaune a ƙofar wani ɗan Maraɗi daga cikin mutanenka, idanunsa jajur don kuka, bakinsa ba warin komai. Ya ce, "Yaya, je ki wurin Hajiya. Mun raba kanmu bibbiyu, yau ba wanda za a bari shi kaɗai."

Ya Allah, bawanKa Abdulgani ya rufa wa bayinKa asiri, Ka rufa masa nasa ranar da asirai za su tonu. Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa a wannan ƙasa mai nisa, Ka shayar da shi daga tafkin Alkausara. Hajiya Hasiya, da 'ya'yansa Hadi da Radiyya, da dangi na Kano, Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Mahaifiyarmu ma tana miƙo ta'aziyya, ta ce a gaya muku ɗanta yana raye.