Baƙuwa Mai Jiran Motar Bunguɗu

Delu mai fura tana kallon wata dattijuwa da ta sauko daga jirgi a tashar Gusau, ba mai tarbarta. Siririya ce, zanenta ya koɗe, ga ƙaramin gicciye a wuyanta. Delu na jin mijin matar ya rasu ne, 'ya'ya sun watse. Motar Bunguɗu dattijuwar take tambaya.

"Inna, wa gare ki can?" in ji Delu.

"Ba kowa, ɗiyata. Shekaranjiya a majami'a aka ce kutaren can ba su da mai wanke masu miki. Na san da ni Yesu yake, sai na taso."

"Ko shawara ba ki yi ba?"

"In Uba ya kira, amsawa ake yi."

Ga ta can zaune kan akwatinta, ita kaɗai, ta zuba wa hanya ido.