Ranar da Aka Hana Su Baba Shiga Ruwa

Wata Talata cikin ranin 1967, shekara guda kafin ruwan Kainji ya haɗiye ƙauyenmu na ƙasar Ngaski, na tsaya cikin kwalekwale, gari duk ya jeru a gaɓar kogi. Shekarata tara. Masu majigi ne suka zo daga Kaduna za su mai da wani labari na littafin karatunmu fim: yarinya ta bi akuyarta a jirgi, jirgin ya kife, masunci ya tsamo ta. Malaminmu ya nuna ni, don a ajinmu ba wadda ta kai ni iyo, ba kuma wadda ta kai ni rawar kai.

Mutanenmu ne matsalar. A wurinmu jirgi ba ya kifewa mutum yana tsaye yana kallo. Ko salla kake, sai ka katse ka faɗa ruwa. Ina kifar da jirgin karo na farko, maza wajen goma suka yi tsalle. Karo na biyu har da wani tsoho mai bandar kifi da bai san me ake yi ba. Shugaban masu majigin ya cire hula ya buga da ƙasa, ya ce fim ɗin da ya rage musu ɗauka ɗaya kawai zai yi, in aka sake ɓatawa Yelwa za su koma su nemi wata yarinyar. Na riƙe rigar Baba ina kuka har ya yarda ba zai shiga ruwan ba. Mai gari ya sa maza duka suka yi alkawarin ba wanda zai motsa, har da wanda zai fito a masuncin, sai an busa usur, komi ihun da na yi. Mata kam ba wanda ya tuna ya tambaye su.

Na kifar da jirgin karo na uku. Ina juyowa, ƙafata ta sarƙe a wani tsohon tarun kamun kifi da ya maƙale a kututture ƙarƙashin ruwa. Na fizga, ya ƙara ɗaure ni. Na ɗago na ƙwala ihu na gaske, amma ai ihu aka ce in yi. Na hango Baba ya danƙe filafilinsa na tuƙa jirgi, bakinsa na motsi, ƙafarsa ɗaya cikin ruwa, yana kallon mai usur. Na sha ruwa, na nutse, na sake ɗagowa, usur shiru.

Inna ce ta miƙa wa maƙwabciya goyonta. Daga baya aka gaya mini abin da ta ce: "Wanga ba kukan wasa ba na, ni na haife ta!" Ta faɗa da zanenta, ta nutsa, ta yanke tarun da wuƙar gyaran kifi, ta fito da ni.

Masu majigin ba su cire ta daga fim ɗin ba. Sau ɗaya aka haska mana fim ɗin, a sabon garin da aka kwashe mu aka kai, bayan magariba, a bangon makaranta. Mata suka yi ta guɗa da Inna ta bayyana. Baba kuwa, jirgin na kifewa ya tashi ya fita, har ya rasu bai taɓa ta da zancen ba.

Yau jikokina suna kallon fim ɗari a waya, nawa kuwa na yi cigiya har na gaji, ba wanda ya taɓa jin labarinsa. Da zan same shi, ba kaina zan nema a ciki ba. Gaɓa zan duba, ko sun ɗauki fuskar Baba, in roƙe shi gafarar alkawarin da na sa shi.